Tun ba a ga Tafkin Volta ba, cikin ɗan Salaga ya ɗuri ruwa

Saura kwana ɗaya mu tashi, kuma yau da safe na kwance jakata na sake ɗaure ta karo na huɗu. Matata tana tsaye bakin ƙofa tana kallona, ta ce, "Malam, wai Makka za ka ne ko yawon hutu?" Ban amsa ba, don a lokacin ina lissafin ko galan ɗin manja da babu komai a ciki zai iya ɗaukar mutum mai nauyin kilo 84 a kan ruwa.

Ga yadda abin ya faro. Mu da muka gama kwalejin horar da malamai a Tamale shekara ɗaya muna da zaure a WhatsApp, inda ba a komai sai gaisuwar Juma'a da kukan albashi. Wata rana wani ya kawo shawara cewa hutun nan mu yi abin da ba mu taɓa yi ba, mu je Akosombo mu ga madatsar ruwan da muke koya wa yara labarinta kullum, daga nan mu shiga jirgin shaƙatawa zuwa tsibirin Dodi. Kowa ya tura hoton babban yatsa. Ni ma na tura, har biyu. Sai bayan na biya kuɗina ta momo na zauna na duba hanya, na ga daga Salaga hanyar da aka zaɓa ita ce ta Makango, a ƙetare tafki zuwa Yeji, a bi ta Atebubu a faɗa Kumasi, sannan a nufi Akosombo. Wato ruwa a farko, ruwa a tsakiya, ruwa kuma a hanyar dawowa. Ni kuwa tun da aka haife ni, ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne na bahon wankan jarirai.

Garin rijiyoyi

Kada mai karatu ya yi saurin yi mini dariya. A Salaga mun san ruwa, amma irin wanda ake leƙawa daga sama. Garinmu ya yi suna da rijiyoyi tun zamanin kasuwar bayi, kuma har yau baƙi suna zuwa kallon tsofaffin rijiyoyin nan. Tarbiyyar da muka samu tun muna yara ita ce bakin rijiya ba wurin wasa ba ne. Da rani kuwa, ɗan Salaga yana bin ruwa ne da jarka, yana lallashinsa. To mutumin da ya saba auna ruwa da guga, ka ce masa ya hau kan tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, ai dole ya nemi kujera ya zauna tukuna.

Abin haushin shi ne duk waɗannan alƙaluma ni nake rubuta su a allo. An fara gina madatsar Akosombo a 1961, aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966. Ruwan da ya taru a bayanta ya miƙe kimanin kilomita 400 zuwa arewa har Yapei, ya zama ɗaya daga cikin manyan tafkunan da ɗan Adam ya yi da hannunsa a duniya. Mutum kusan 80,000 aka tasa daga garuruwansu, aka zaunar da su a sababbin matsugunai 52. Shekara da shekaru ina faɗin wannan da alfahari, yara suna kwafa. Akwai layi ɗaya dai da ban taɓa kula da shi ba sai makon nan: wuri mafi zurfi a tafkin ya kai mita 75. Na auna tsawona da rular allo, ban cika mita biyu ba. Sauran lissafin na bar wa mai karatu.

Jarumai uku

Mu uku ne za mu haɗu a Salaga mu tashi tare: ni, da abokina na Yendi, da abokina na Bawku. A zaure kowannenmu zaki ne. A waya kuma, bayan sallar isha'i, sai a ji wata murya dabam.

Mutumin Yendi ya fara bugo mini. Ya ce, "Masta, kada ka ji komai, ni na girma a bakin kogin Daka." Na ce masa Dakan da na sani, in rani ya yi tsanani har tanka ake jira a Yendi, da wane ruwan ya koyi iyo? Ya yi shiru, can ya ce shi dai yana son ya sani, in mutum ya zauna a tsakiyar jirgi ya rufe ido, ana ganin ruwan? Daga baya matarsa ta gaya wa tawa cewa ya je kasuwa ya sayo tsohon tib na tayar babur, ya hura shi, ya kwana da shi a ɗaki don ya ga ko yana sacewa.

Mutumin Bawku kuwa ɗan boko ne na gaske, tsoronsa ma da hujja yake zuwa. Ya ce shi ruwan Volta ba baƙonsa ba ne, don duk shekara in aka buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso wajen Agusta ko Satumba, Farin Volta yakan cika ya cinye gonaki a yankinsu. Saboda haka, in ji shi, ya san halin ruwan nan tun yana ƙarami, bai ga dalilin da zai bi shi har gidansa ba. Ya kawo shawarar mu zagaya ta Tamale, mu haye gadar Yapei da ta Buipe, mu bi ta Kintampo. Na ce ai wannan ƙarin sa'o'i ne da ƙarin kuɗin mota. Ya ce, "Masta, ka taɓa jin wanda ya nutse a Kintampo?" Na tuna masa akwai magangarar ruwa a can. Ya kashe waya.

Ni ban zarge su ba. A makon nan na gano cewa tsakanin hadari da haɗari babu komai sai ɗan ƙugiya a kan harafi ɗaya, kuma watan Afrilu shi ne lokacin da hadarin farkon damina kan taso ba sallama, da iska mai ƙarfi. Tun daga ranar na zama mai duban sama. In gajimare ya gifta ta kan makarantarmu, sai in tsaya da alli a hannu, har wani yaro ya ce, "Sa, ko ruwa za a yi?" Na ce masa ya mai da hankali kan darasinsa.

Wasiyya da bashin waake

Daren Litinin na kasa barci, na tashi na ɗauki littafin shirya darasi, na buɗe shafin baya na fara rubuta bashin da ake bina. Mai waake ta bakin makaranta, sidi 35. Mai gyaran babur, sidi 60. Tela, kuɗin ɗinkin ƙaramar salla, wanda shi da ni muka daɗe muna yi kamar mun manta. Washegari na bi su ɗaya bayan ɗaya na biya. Mai waake ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta dube ni ta ce, "Ticha, lafiya kuwa? Ko asibiti suka gaya maka wani abu?" Tela kuwa har ya rako ni bakin titi yana sa mini albarka. Da na san tafiyar ruwa tana gyara mu'amala haka, da tuni na ba da shawarar a riƙa kai wasu manya Makango duk ƙarshen wata.

Matata ba ta nuna damuwa ko kaɗan ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Abu ɗaya ta tambaya, cikin murya mai sanyi: "Malam, lambar sirrin momo ɗinka fa, ko za ka rubuta mini a wani wuri, saboda halin rayuwa?" Na ce ashe har an fara rabon gado ina tsaye.

Daga nan na wuce wurin mahaifiyata neman addu'a, ina sa ran za ta ce in fasa, in sami abin fakewa. Na durƙusa na ce, "Mma, jibi za mu ƙetare zuwa Yeji." Ta ce, "To, madalla. Ka sayo mini busasshen kifi, na Yeji ya fi arha." Na ce, "Mma, ta ruwa fa za mu bi." Ta ajiye carbinta ta dube ni. Ta ce shekara nawa ta yi tana kai doya Yeji tana komowa da kifi, ni ina goye a bayanta? Ashe na riga na ƙetare tafkin nan ban san iyaka ba, ina barci, ina zubar da miyau a zanenta. Ta ƙara da cewa a lokacin ban yi ko tari ba, sai yanzu da na yi gemu na sami satifiket.

Jikokin fatake

Maganarta ta tsaya mini a rai, don gaskiya ce da ta wuce gidanmu. Hausawan Salaga da Yendi da Bawku ba daga sama muka faɗo ba. Kakanninmu fatake ne da suka taso daga Kano da Katsina da sauran ƙasar Hausa, ayari guda, madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata. Sukan yi watanni a hanya, su ƙetare Kwara a jiragen fito, su bi ta ƙasar Borgu da Sansanne Mango da Yendi, su sauka Salaga su sayi goro. Sunan Gwanja ya shiga bakin Bahaushe ne ta wannan fatauci. Shi kansa goron daga dazukan Asante yake zuwa, kuma a Yeji ake ƙetarar da shi kogin Volta tun kafin a yi mafarkin tafki. Wato mashigar da nake rawar jiki a kanta yau, a kanta arzikin garinmu ya ginu.

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, 'yan kasuwa da malamai da yawa suka watse, wasu Yeji, wasu Kete Krachi. Cikinsu har da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga, ya koma Kete Krachi ya yi limanci da karantarwa har ya rasu a 1934. Tsohon garin da ya zauna yanzu yana ƙarƙashin ruwa, an gina sabo a tudu. Na gaya wa mutumin Bawku wannan don in ƙarfafa masa gwiwa, in nuna masa tafkin cike yake da tarihinmu. Ya ce, "To ka gani ko? Gari guda ya haɗiye, mu uku me za mu yi masa?"

Inda dariya ta tsaya

Jiya na hau babur na tafi Makango, wai in ga abokin gaba da idona, tun da gani ya kori ji. Na tarar da bakin ruwa cike: manyan motoci ɗauke da doya suna jiran babban jirgin fito, wanda kowa ke kira pantun, mata da kwanduna, shanu, babura, masu koko da ƙosai. A gefe kuma ga dogayen kwale-kwalen katako masu inji a baya, waɗanda masu gaggawa ke shiga in ba su son jiran pantun.

Na sami wani dattijo mai gyaran koma na zauna kusa da shi, na yi kamar ina tambaya ne saboda ɗalibai. Ya gane ni nan take. Ya ce, "Ticha, tsoro kake ji." Na ce bincike nake yi. Ya ce to in rubuta a binciken cewa abu uku ke cin mutane a ruwan nan: kututture, da lodi, da taurin kai.

Kututturen kuwa asalinsu sananne ne. Lokacin da ruwa ya taru a shekarun 1960, ba a sare dazukan da ya rufe ba. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi har yau, wasu kawunansu a waje kamar yatsu, wasu kuma sun ɓuya ɗan ƙasa da fuskar ruwa, musamman in tafki ya ja baya. Kwale-kwalen da ya taho da gudu ya hau ɗaya, katakonsa ke tsagewa. Hukumar kula da sufurin ruwa ta Ghana ta sa an cire kututture a wasu hanyoyin jirage, amma tafkin ya fi ƙarfin a share shi duka. Lodi kuma kowa ya san shi: jirgin da aka yi don mutum kaza, a zuba masa ninki, a ɗora buhunan gawayi da babura da awaki, har bakin jirgi ya kusa shan ruwa. Akwai layin da ake shatawa a jikin jirgi don a san iyakar kaya, kuma in ruwa ya rufe layin nan, an wuce ƙa'ida. Taurin kai shi ne a ga hadari ya haɗu a ce a tafi haka nan, ko a tashi da dare, ko a miƙo wa mutum rigar ceto ya ce zafi take sa shi.

Waɗannan abubuwa sun ci rayuka. A watan Afrilun 2006 wani jirgi da ya kwaso mutanen da aka tasa daga gandun dajin Digya ya nutse, mutane da dama suka mutu. A watan Janairun 2023 yara 'yan makaranta takwas suka rasu a gundumar Sene ta Gabas, lokacin da kwale-kwalen da ke kai su makaranta ya kife. Wannan na biyun ya fi taɓa ni, don malami ne ni. Ina nan ina sambatu a kan tafiyar kwana uku da na zaɓa da kaina, a babban jirgi, alhali akwai yaran da ba su kai ɗalibaina ba, kullum safe da yamma sai sun ƙetare ruwa kafin su ga allo, da yawansu ba rigar ceto. Su ba wanda ya tambaye su ko cikinsu ya ɗuri ruwa. Haka iyayenmu mata da ke bin kasuwannin bakin tafki duk mako.

Mu mutanen zango muna da wata al'ada in an zo maganar nan, sai mu ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai ja. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali, kuma Annabi Nuhu, alaihis salam, sai da ya sassaƙa jirgi kafin ruwa ya zo. Wanda ya ga jirgi ya cika ya ce shi zai jira na gaba, ba raunin imani gare shi ba. Ƙungiyoyinmu na zango da ke iya tara kuɗin kujeru da rumfar biki, ba za su gaza sayen rigunan ceto ashirin su kai wa wata makarantar bakin ruwa ba. Na sa wannan a zaurenmu jiya da dare, kuma karon farko aka yi maganar da ba ta albashi ba.

Abin da ke cikin jaka

Dattijon nan ya sallame ni da shawarwari, na haɗa da na Mma da na wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu. Mu isa Makango da sassafe mu bi pantun, ko da za mu yi jira, kada gaggawa ta sa mu faɗa ƙaramin jirgi mai lodi. In aka ba mu rigar ceto mu sa ta a jiki mu ɗaure igiyoyinta, kada mu mai da ita matashin zama. Kada mu cika ciki da mai kafin tashi. Mai jin jiri ya zauna wajen tsakiyar jirgi inda iska ke kaɗawa, ya tsai da ido a kan tudu mai nisa, ya ajiye waya, ya tauna 'yar citta. Waya da katin shaida a sa su cikin leda a ƙulle. In kuma sama ta yi baƙi, a haƙura, Yeji ba za ta gudu ba.

Na je wurin limamin unguwarmu ma da tambayoyina. Ya tuna mini addu'ar hawa jirgi da ke cikin Suratu Hud, ya ce matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, kuma in lokacin salla ya riske mu a ruwa mu nemi alƙibla gwargwadon iko, wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune. Na ce, "Allah gafarta Malam, in jirgi ya juya ina cikin salla fa?" Ya ce in juya tare da alƙibla in zan iya. Na ce in kuma ƙafafuna suna rawa? Ya yi murmushi ya ce wannan ba matsalar fiƙihu ba ce.

Yanzu dai jaka ta kammala. Akwai citta, da ledoji, da dardumar salla, da kuɗin kifin Mma a aljihu na dabam. Galan ɗin manja matata ta ƙwace, ta ce tana da amfani da shi. Mutumin Yendi ya aiko saƙo cewa tib ɗinsa ya sace cikin dare, ya ɗauki hakan a matsayin ishara, amma zai zo. Mutumin Bawku ya riga ya shiga mota, ya ce zai kwana a Tamale, kuma ya roƙe ni kada in gaya wa kowa cewa ya tambayi ɗan ƙanensa yadda ake iyo, yaro ɗan aji uku.

Ɗalibaina sun ce in ɗauko musu hoton madatsar, da na tsibirin Dodi, da nawa a cikin jirgi. Na yi alƙawarin biyun farko. Na ukun sai na ga yadda fuskata ta kasance. In kun ga wani dogon mutum a pantun ɗin Makango ranar Alhamis, sanye da rigar ceto tun daga tashar mota, yana riƙe da ƙarfen jirgi da hannu biyu yana motsa baki, ku yi masa sallama. Idan bai amsa ba, ku yi masa uzuri, zai amsa a Yeji in Allah ya yarda.